Yatsan da Hajiya Baraka Ta Ƙi Dangwalawa

Zuwa ga:
Mai girma Babban Darakta,
Asusun Raya Fim na Gida,
Yamai, Jamhuriyar Nijar.

Daga:
Wada Isyaku Mai Tsire,
Unguwar Mansur, Makka Mukarrama,
ta hannun Yunus Alfa Bukar, mai rubuta wa jama'a takardu.

Kwanan wata: Litinin, 11 ga Sha'aban 1446, daidai da 10 ga Fabrairu 2025.

Game da: Dakatar da fim ɗin Malama Mujahida Sallau da Asusunku ya yi bisa takardar ƙarya da mai wannan ƙorafi ya aiko muku da kansa, da roƙon a buɗe shi kafin zaman kwamiti na 17 ga Maris 2025.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da girmamawar da ta dace da kujerarka, ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa alƙalami nawa ne amma maganar ta Wada ce. A Makka aka haife shi, shekararsa sittin da ɗaya, Hausarsa ta baki ce, rubutunsa na Larabci ne, shi ya sa ya zo wurina. Ga shi nan zaune a kan benci a gabana tun bayan sallar hantsi, shayin da na zuba masa ya huce bai taɓa ba. Sunansa ba baƙo ba ne a ofishinku. Yana cikin dosiyen takardunku, a ƙasan wata takarda mai kwanan wata 12 ga Agusta 2024. Wannan ta yau ta zo ne ta ƙaryata waccan, kuma mai ƙorafi ya ce in rubuta tun daga farko cewa mutum na farko da yake ƙara shi ne kansa, ofishinku na biyu.

Ga asalin maganar, don kada a sha wahalar binciko ta.

Mahaifiyar Wada, Hajiya Baraka, 'yar Garin Tsamiya ce ta ƙasar Damagaram. Tana da shekara goma sha biyu mahaifinta ya ɗauke ta suka kamo hanyar gabas da ƙafa. Aka bar ƙanwarta Rakiya wurin kaka, don ƙyanda ta kwantar da ita a makon tafiya, aka ce in an yi aikin hajji an dawo za a same ta. Suka yi shekara biyu a Chadi, biyar a gonakin auduga na Sudan, suka ƙetaro teku a kwale-kwale. Mahaifin ya rasu a nan Makka. Ba a koma ba. Shekara saba'in da biyu 'yan'uwan nan biyu ba su ga fuskar juna ba, sai kaset da suke aika wa juna ta hannun alhazai, a zamanin da ake kaset. Da waya ta zo aka gwada, amma Garin Tsamiya sai an hau tudu ake samun layi, ga kunnuwan tsofaffin duka sun yi nauyi. Hajiya ta ture wayar, ta ce ita ba za ta zuba zancen shekara saba'in a abin da bai kai tafin hannu ba.

A watan Sha'aban na bara Malama Mujahida ta iso Mansur da kyamararta da takardunta a cike, da tallafin Asusunku, tana neman tsofaffin da suka zo da ƙafa. Ta shaida mana cewa sharaɗin tallafin shi ne, in an gama fim, motar majigi ta Asusu za ta zaga da shi ƙauyuka, a kafa farin ƙyalle a nuna wa jama'a kyauta. Hajiya ta tambaya ko motar tana zuwa Garin Tsamiya. Aka ce in an sa shi a jeri za ta je. Shi ke nan, tsohuwa ta sa aka ciro mata zanen da take ajiya, ta sa kwalli, ta zauna. Kwana uku, daga 20 zuwa 22 ga Fabrairu 2024, tana magana a falon Wada. Ku a wurinku fim ne. Ita a wurinta kaset ne mai fuska take aika wa ƙanwarta, kuma duk wanda ya kalla zai ji kowace magana da sunan Rakiya take buɗe ta.

To, ga inda gizo ya yi saƙa. Ƙa'idarku ta ce duk wanda aka ɗauka sai ya sa hannu a takardar yarda, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Da aka kawo tawada Hajiya ta naɗe hannuwanta cikin mayafi. Ranka ya daɗe, sai wanda ya zauna a nan zai gane. Dangwala yatsa, abin da muke ce wa basma, a wurin tsofaffinmu ba ya nufin komai sai an kama mutum ba shi da takardar zama, za a sa shi a jirgi a mayar da shi ƙasarsu. Hajiya ta yi shekara talatin tana kwana da wannan tsoro kafin ta sami iƙama, wato takardar zaman, kuma samun iƙamar bai cire shi ba. Ta ce ta yarda da bakinta, ta faɗa sau uku, amma yatsanta ba zai taɓa tawadar kowa ba. Malama Mujahida ta damu. Wada ne ya tashi ya bugi ƙirji, ya ce a bar takarda, maganar Hajiya ta fi hatimi, shi ne babban ɗanta kuma shi ne shaida duniya da lahira. Yarinya ta ga dattijo mai furfura a garin Allah, ta naɗe takardarta ba sa hannu. Kuskurenta ke nan kaf, ta yarda da Wada.

A watan Yuli Asusunku ya saki ɗan guntun fim ɗin don talla. A ciki Hajiya tana ba Rakiya labarin yadda ta yi shara a tantunan Arfa shekara ashirin, da yadda suke tsintar naman hadaya da alhazai suka bari a Mina, su shanya a kan duwatsu, su ci har shekara ta zagayo. Tana faɗa tana dariya har da tafa hannu. Guntun ya shiga wayoyin mutanen Mansur, daga nan ya kai unguwar Jarwal, har otal ɗin da Fahad ɗan Wada yake aiki a teburin karɓar baƙi. Abokan aikinsa suka sa shi gaba da jikan mai shara. Yaro ya dawo gida yana huci, yana zuba Larabci, ya ce an tozarta su.

Wada ya so in rubuta cewa saboda ɗansa ya yi abin da ya yi. Na ajiye alƙalami na dube shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce a'a, in rubuta gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Fushin Fahad kwana biyu ya yi ya wuce. Kunyar ta Wada ce. Shekara arba'in yana gina suna a bakin tukubarsa, ana ce masa Abu Fahad, Larabawa suna layi a kan tsirensa, bai taɓa gaya wa kowa da wane nama aka raine shi ba. Da ya ji uwarsa tana faɗa wa duniya tana dariya, sai ya ji kamar an tuɓe shi a kasuwa.

Ranar 12 ga Agusta ya zo wannan benci da yake kai yanzu. Ya ce a rubuta muku cewa an ɗauki mahaifiyarsa ba da yardarta ba, kuma ba ta cikin hayyacinta. Ni Yunus na rubuta. Ni na zaɓo kalmar rikicin tsufa, don na san ita ce za ta ratsa ofis. Alhali wallahi na san Hajiya Baraka shekara talatin, kuma a makon da na rubuta takardar ta gyara mini sunan kakana da na faɗa ba daidai ba. Allah ya yafe mana, mu biyun.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ga ƙorafe-ƙorafen mai ƙorafi a kan ofishinku, cikin ladabi:

1. Cewa Asusu ya karɓi takardar mutum ɗaya ya yanke hukunci ba bincike. Takardar ta isa, ranar 20 ga Satumba 2024 aka dakatar da fim. Tsakanin nan babu wanda ya kira Wada, babu wanda ya nemi jin muryar tsohuwar da aka ce ta rikice, ga lambar waya a saman takardar ƙarara. Da wani ma'aikacinku ya kira ya yi minti biyu da Hajiya, da ta tambaye shi ɗan gidan wa ne, ta lissafo masa danginsa, da maganar ta mutu a nan. Kuma kaset ɗin yana hannunku. Wadda ta rikice ba ta jera sunayen rijiyoyi goma sha ɗaya daga Damagaram zuwa bakin teku.

2. Cewa ƙa'idar yatsa an yi ta ne ba tare da an san mutanen da aka aika kyamara wurinsu ba. Asusu ya ba da tallafi a zo a ɗauki tsofaffin Makka, sa'an nan ya nemi abu ɗaya da tsofaffin Makka ba sa bayarwa. Malama Mujahida ta yi muku wannan bayani a rubuce, aka ce mata ƙa'ida ƙa'ida ce. Mai ƙorafi ya san wannan ƙofa a buɗe take, shi ya sa ya bi ta cikinta. Yana roƙon a rufe ta kada wani marar kunya irinsa ya sake bi.

3. Cewa an hukunta wadda ba ta da laifi. An hana Malama Mujahida tallafi na shekara biyar, an karɓe kyamarar Asusu daga hannunta, an karanta sunanta a taron masu fim a matsayin wadda ta ci amanar tsohuwa. Labari ya iso mana cewa yanzu bidiyon biki take ɗauka a Damagaram da kyamarar aro. Ranka ya daɗe, ba mu ne za mu gaya maka ba, masu fim a ƙasarmu ba su da yawa. Mu nan Mansur in an kunna talabijin, ko na Kano ne, ko na Indiya, ko na Masar. Jikokinmu ba su taɓa ganin ƙasar kakanninsu a allo ba, wasu ma sun ɗauka Damagaram sunan mutum ne. Dukiyar talakawa aka tara aka kafa Asusun nan don a sami irin yarinyar nan. An same ta, sai mai tsire ɗaya daga Makka ya hura mata wuta, ofis ya tsaya yana kallo.

Kuma a sani, da abin ya faru ta kira Wada sau ɗaya tak. Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi. Ta kira shi Baba, ta tambayi jikin Hajiya, ta tambaye shi ko ta yi masa wani laifi ne ba ta sani ba. Ya ce mata layi ba kyau, ya kashe waya.

4. Cewa an kulle hotunan duka a ofishinku, kuma takardar hukunci ta ce in kwamiti ya tabbatar da shi a zamansa na 17 ga Maris za a goge su, don kare mutuncin wadda aka ɗauka. Wannan shi ne abin da ya hana Wada sukuni, kuma a nan zan roƙi haƙurinka in ɗan tsawaita.

Hajiya ba ta san an rubuta takarda ba. Ba wanda ya gaya mata. Tun daga watan Maulidi, duk safiya in Wada ya shiga gaishe ta, tambayarta ɗaya ce, ko motar ta je Garin Tsamiya. Ya ce ana gyara. Wata ya wuce, ya ce damina ta ɓata hanya. Ta ce ai damina ta ɗauke tuni a can, ita ba ta manta lissafin gida ba. Ya ce mota ce ta lalace. Duk wanda ya zo Umra daga Nijar ya biyo gaishe ta, sai Wada ya tare shi tun a ƙofa ya roƙe shi kada ya ta da zancen fim. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Har ya rage shiga ɗakinta, ya koma aika mata da kunu ta hannun matarsa, dattijo guda yana gudun uwarsa a cikin gidansa.

A farkon Rajab ta kwanta. Da ya ga jikin ya yi nauyi, ranar da ta sake tambayarsa, sai ya ce mata mota ta je. Ya ce an kafa ƙyalle a gindin tsamiya, gari duk ya fito, an zaunar da Rakiya a gaba, ta gan ta, ta gane ta, ta yi kuka, tana gaishe ta. Ya ƙawata ƙaryar yadda ya iya. Hajiya ta yi hamdala, ta tambaya ko Rakiya ta ce ta tsufa. Ya ce ta ce tana nan da kyaunta. Ta yi dariya, ta ce Rakiya dai har yanzu ba ta daina daɗin baki ba. Sai ta sa masa albarka, ranka ya daɗe. Ta ɗora wannan hannu da ta hana tawada a kansa, ta ce ya cika mata burinta na duniya.

Ta rasu ranar Talata 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairu 2025. An yi mata salla a Harami. Kaburburan garin nan kuwa, kamar yadda ka sani, ba a rubuta musu suna, dutse ne kawai a kai da ƙafa. Wada ya koma bayan kwana bakwai ya kasa gane wane ne nata. Hoto ba ta taɓa yarda an yi mata ba sai na iƙama, tsofaffin kaset ɗin duk suna can Garin Tsamiya, in ma ba su narke ba. Abin da ya rage na Hajiya Baraka a bayan ƙasa, fuskarta da muryarta da dariyarta, yana cikin akwati a ofishinku, kuma ɗanta ne ya sa aka rubuta a kansa a goge.

5. Cewa tun ranar 22 ga Janairu mai ƙorafi ya kira ofishinku sau tara. Sau uku aka ce Darakta yana taro, sau biyu aka ce an rufe dosiye, sauran ba a ɗauka ba. Ƙaryarsa ta sami amsa cikin mako shida. Yana mamakin yadda gaskiyarsa ta kasa samun ko da mai ɗaukar saƙo.

Wani ɗan Garin Tsamiya da ya zo Umra a makon jiya ya kawo ta'aziyya, ya kuma kawo labarin da ya ta da Wada tsaye. Rakiya tana raye, shekararta tamanin, ƙafa ta ƙi, ido ya fara hazo amma tana gani. Tun bara Malama Mujahida ta je ta shaida mata cewa yayarta na nan tafe a majigi. An gaya mata rasuwar. Ta ce ta ji, Allah ya jiƙanta, amma ai saƙon da ta aiko bai iso ba tukuna, ita tana jira. Ya ce duk motar da ta ji ƙararta sai ta aika a dubo mata.

Saboda haka mai ƙorafi yana roƙon mai girma Darakta, don Allah, don darajar iyayensa:

Na ɗaya, a soke takardar 12 ga Agusta 2024 bisa shaidar wanda ya aiko ta da wanda ya rubuta ta, cewa ƙarya ce daga bisimilla har sa hannu. Hajiya Baraka ta yarda, da cikakken hankalinta, a gaban ɗanta da surukarta Saudatu matar Wada, wadda ita ma a shirye take ta ba da shaida.

Na biyu, kada a goge komai. A mayar wa Malama Mujahida hotunanta da kyamararta da tallafinta, a wanke ta a taron da aka ɓata ta. In ana buƙatar sunan da za a karanta a madadin nata, Wada ya ce a karanta nasa, da na ubansa, da unguwarsa, da sana'arsa.

Na uku, a bar fim ɗin yadda yake. Kada a yanke shara, kada a yanke naman Mina. Fahad da kansa ya ce a rubuta wannan. Tun rasuwar kakarsa yake kunna ɗan guntun nan yana sa uwarsa tana fassara masa kalmomin da bai sani ba.

Na huɗu, kuma shi ne kan gaba, in an gama, ko ma ba a gama gyara ba, motar majigi ta fara da Garin Tsamiya. Mai ƙorafi bai san kwana nawa suka rage wa Rakiya ba, ku ma ba ku sani ba. Ya riga ya gaya wa uwarsa cewa an kafa ƙyalle a gindin tsamiya, an zaunar da ƙanwarta a gaba, ta karɓi maganarsa ta tafi da ita kabari, ta biya shi da albarkar da bai cancanta ba. Ba shi da hanyar komawa ya ce mata ƙarya ya yi. Hanya ɗaya ta rage masa, a kafa ƙyallen nan.

In akwai hukuncin da dokar Asusu ta tanada wa wanda ya yaudare shi, Wada ya ce ya karɓa tun kafin a faɗa masa, ba zai ɗaukaka ƙara ba.

Muna roƙon afuwa bisa tsawaitawa, da duk kalmar da ta fita daga ladabi. Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya raba ka da irin nauyin da mutumin nan yake ɗauke da shi.

Na karanta masa takardar nan daga sama har ƙasa, ya ce haka ne. Na miƙa masa alƙalami ya sa hannu da Larabci yadda ya saba. Sai ya ce bai isa ba, wancan karon ma ai sa hannu ya yi. Ya sa na ciro tawada. Tabon da za ka gani a ƙasa babban yatsansa ne na dama, ya ce tun da yatsa ofishinku yake nema, ga na ɗanta, a haɗa shi da takardar yardar da aka bari babu komai a kanta.

Naka cikin ladabi da nadama,

Wada Isyaku Mai Tsire,
ɗan marigayiya Hajiya Baraka ta Garin Tsamiya.
(sa hannu da basma)

Mai rubutawa kuma abokin laifi,
Yunus Alfa Bukar,
Mansur, Makka.